Bugu Ukun da Baba Ke Yi wa Bindiga

Unguwar Mansur, Makka
12 ga Safar 1385, watan Yuni 1965

Zuwa ga Yayana Dawuda, Unguwar Maƙera, Ringim.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa ce irin ta ƙane ga wansa, wadda da ƙafa za ta kawo ta sai ta shekara a hanya, ga shi takarda ta ɗauke mata wahala. Ina fatan ta same ka lafiya, kai da iyali da duk mai cin arzikin wutar maƙerarmu. Yaya jikin Inna Yalwa? Alhaji Salihu da ya zo aikin Hajjin bana ya ce mini ƙafar nan ta matsa mata tun sanyin bara. Na ba shi man shafawa da gorar Zamzam da dabino ya kawo mata. In dabinon bai iso ba ku yafe masa, na ga irin kallon da yake yi wa ƙullin tun a gabana. Na yi wa Inna addu'a a Multazam, jikin Ka'aba kusa da ƙofa, na ambaci sunanta da naka, Allah ya ba ta lafiya ya ƙara mana tsawon kwananta. Ina jin yanzu ruwa ya sauka kun fara shuka, Allah ya ba da damina mai albarka. Mu nan ba mu da damina sai rana, duwatsun garin nan suna riƙe zafi kamar kaskon tuya. Matata Baraka tana lafiya, tana nan kan keken ɗinkinta. 'Yarmu Rumasa'u ta shiga shekara bakwai, in na yi mata Hausa sai ta amsa mini da Larabci, ta kuma gyara mini nawa. Mariama ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a gidan.

Na san Malam Isa ne zai karanta maka wannan takarda. Malam, don Allah kada ka tsallake inda na ji kunya, can ne amfanin maganar yake. Kai kuma Yaya, ka ajiye masaɓa ka saurara, domin tambaya ce da ni a kan sana'ar gidanmu, ni da na gudu daga zuga tun ina ɗan shekara goma sha huɗu, Baba, Allah ya jiƙansa, yana cewa wannan yaro hannunsa na karɓar kuɗi ne, ba na riƙe awartaki ba.

Ka san shekara goma sha ɗaya ke nan ina garin nan ba ni da takardar zama, iƙama suke ce mata. Da can ba a damu sosai ba, amma yanzu da an gama Hajji sai a shiga kame. A watan jiya aka tafi da maƙwabcina Garba mai shayi, daga shi sai zanen da ke wuyansa, yanzu yana Jidda yana jiran jirgin ruwa, matarsa da 'ya'ya uku suna nan suna kallon ƙofa. Baraka haifaffiyar Makka ce, mahaifinta ya zo ta Sudan tun zamanin da, takardunsu tsaf suke. In aka ɗauke ni, ni kaɗai za a ɗauka. Magani ɗaya ne, a samu ɗan ƙasa ya tsaya wa mutum a ofis ya ce wannan nawa ne, ni ne kafilinsa. Na daɗe ina neman mai tsaya mini, sai bana na ga alamar samu a wurin wani dattijo Balaraben daji mai suna Atiyya, makiyayin tumaki ne, tantinsa yana bayan Arfa ta wajen hanyar Ɗa'ifa.

Yadda muka saba kuwa, wuƙa ce ta haɗa mu. Sana'ata ke nan a Mansur, ina sayar da wuƙaƙe da wasa su, lokacin Hajji kuma na kwashe su zuwa Mina wurin masu yanka. To ga gaskiyar da ban taɓa rubuto maka ba. Wuƙaƙen nan a Jidda nake saro su, na jirgin ruwa ne. In na kawo sai in cire musu ƙotar Turawa, in ɗan gasa su a gawayi su yi baƙi, in sa musu ƙotar icce da kube na jar fata, in ce ƙirar hannuna ce, ni ɗan maƙeran ƙasar Kano. Rabin maganar gaskiya ce ai, kuma a kasuwa wanda ya kawo rabin gaskiya waliyyi ne. Shekara huɗu Atiyya yana sayen wuƙa a wurina, ba ya kirana sai da ya haddad, wato maƙeri. Ya ce a wurinsu ba a ba maƙeri 'ya, amma ko a zamanin hari ba a taɓa shi, domin kowa na bukatarsa. Na ce to mu a Ringim har 'yar ake ba mu, ya yi dariya ya ce ƙasarku ta lalace.

Ran nan bayan an watse daga Hajji ya zo rumfata, ya zauna, ya sha shayi kofi uku, sannan ya kwance gefen mayafinsa ya fito da wani ɗan akwatin ƙarfe kamar kwalin ashana, da kunamar bindiga tana leƙowa ta ƙasansa. Ya ce ɗan ƙanensa da ke aiki a kamfanin mai can gabas ya samo masa wurin wani Bature maharbi. Ya ce yana da bindiga ta Jamus wadda ubansa ya samu tun zamanin Turkawa, uwar biyar suke ce mata don harsashi biyar take ci. Kunamarta ta yi masa tauri, ga yatsansa manuni ya karkace tun da igiyar raƙumi ta murɗe shi, in ya ja sai bakin bindiga ya kauce. Sau biyu yana kuskuren wani kyarkeci da ke ɗauke masa 'yan raguna, har surukansa sun fara yi masa waƙa. Yana so in cire tsohuwar kunama in sa wannan. Ya kuma ce, kamar ba da gangan ba, in aiki ya yi kyau ran Asabar ɗin da ke biye sai mu leƙa ofis a kan batun takardata. Yaya, da ka ga yadda na karɓi abin nan na juya shi a tafin hannu ina gyaɗa kai, sai ka rantse goma na sa jiya. A cikina kuwa ina cewa, Tijjani, baki shi ke yanka wuya, yau ga ranarka.

Bai kawo bindigar ba, don ba a yawo da makami a cikin Harami, kuma ba a farauta, ko tantabarar masallaci ba a kora da ƙarfi. Ni ma sai da zuciyata ta yi rawa da zan kwana da kunama a gida, na hau unguwar Nakkasa na tambayi Malam Maman, wani malami mutumin Damagaram. Ya tambaye ni ko ita kaɗai tana iya kashe ko da ƙadangare, na ce a'a, ya ce to linzami ba doki ba ne, je ka. Kwana uku na yi ina binciken abin nan da sukundireban keken Baraka, tana mitar zan lalata mata baki. Akwai takardar Turanci a naɗe tare da shi, amma mai ya cinye rabinta, ragowar kuma ta fi ƙarfin aji huɗun da na yi a elementare. Hotuna na bi.

Bari in kwatanta maka, don na san za ka so ji. Wannan ba irin bindigogin tokar da maharba ke kawo maka ba ce, da ake ɗura wa albarushi ta baki. Tana da sakata a baya kamar ta ƙofa, ka ɗaga, ka ja, ka tura, ka kwantar, harsashi ya shiga. A cikin sakatar akwai doguwar allura da sifirin mai ƙarfi yake son cilla ta gaba, abin da ke tare ta wani ɗan haƙorin ƙarfe ne kawai da ya ciji wani haƙorin. Aikin kunama ta raba haƙoran nan biyu, shi ke nan. Abin da ya ba ni mamaki, duk cizon bai kai kaurin farce ba. Dubi ikon Allah, ran mutum a rataye da abin da bai kai farce ba. Tsohuwar kunama ƙarfe ɗaya ce a kan ƙusa, ja biyu ake yi mata, na farko sako-sako, na biyu kamar jan jakin da ya ga rafi. Sabuwar kuwa komai nata yana cikin ɗan akwatin, da sukurori uku ƙanana kamar ƙwayar gero. Baraka ce ta gane mini su, ba ni ba. Ta ce ai kamar na kekenta ne da ke ɗaure zare ko sassauta shi. Muka yi ta murɗawa muna dannawa har muka gane ɗaya na nauyin ja ne, ɗaya yana tsayar da kunama kada ta wuce bayan ta saki, na ukun kuma shi ke ƙara cizon haƙori ko rage shi. Ta ce mini, Baban Rumasa'u, zare in ya yi sako-sako ɗinki yana da daɗin tafiya, amma ranar wanki ake gane shi. Na ce mata ta bar wa maƙera aikinsu.

Ran Laraba na bi motar masu kai gawayi na sauka a Arfa. Mutanenmu suna zaton Arfa tsakiyar Harami ce, alhali a wajensa take, akwai ginshiƙai da ke nuna iyaka, da ka wuce su an halatta maka farauta. Kuma wanda ya san Arfa ranar tsayuwa kaɗai ba zai gane ta ba a sauran shekara. Ba kowa, sai iska da awaki da duwatsun murhu da takalma warin ƙafa birjik, har na tsaya ina tunanin yadda mutane dubu nawa suka koma gida da takalmi ɗaya. Daga nan na taka zuwa tantin Atiyya. Ya shimfiɗa mini buzu, ya fito da bindigar daga cikin rigarta ta fata kamar mai fito da jariri. Na sa ya cire harsashi ya zare sakatar a gabana, na leƙa bututun na ga hasken rana ta ciki, sannan na taɓa ta. Wannan koyarwar Baba ce, ita kam na san dalilinta tun ina yaro.

Kwance ƙarfe daga icce bai yi wuya ba, sukurori biyu ne. Ƙusar tsohuwar kunama ta yi gardama, shekara hamsin tana wurin, sai da na jiƙa ta da man keke na bi ta da ɗan bugu kaɗan-kaɗan ta fita. Sabuwar ta zauna a gurbin kamar don shi aka yi ta, har na fara jin kaina. Da na zo mayar da ƙarfe cikin ƙota sai ya ƙi shiga, akwatin ya fi ramin faɗi. Dole a sassaƙe icce. Da na gaya wa Atiyya haka sai fuskarsa ta canza, ya ce iccen nan gumin hannun ubansa ne ya baƙanta shi. Na ce ta ciki zan ci, ido ba zai gani ba. Na tuna yadda Baba ke shafa baƙin tukunya a jikin ƙarfe ya danna a icce, inda baƙi ya fito nan ake ci. Haka na yi ta yi da 'yar wuƙa, in shafa, in gwada, in kankare, tun hantsi har azahar. Shi kuwa dattijon yana zaune yana tsince ɓarɓashin iccen ɗaya bayan ɗaya yana ƙullewa a gefen mayafinsa. Ban tambaye shi me zai yi da shi ba, amma har yau ina so in sani.

Bayan mun yi salla mun ci abinci aka zo wurin gwaji, bindiga ba harsashi. Ya ɗana ya ja, ƙyas. Ya ce ta fi da, amma a ƙara sauƙi. Na murɗa na nauyi. Ya ce a ƙara. Na murɗa har na ga ya kusa ƙarewa. Ya ja, ya lumshe ido, ya ce yanzu kam ta yi. To a nan ne halin kasuwa ya kayar da ni. Ka san mu ba ma sallamar mai saye sai mun ɗora masa ɗan ƙari a kan mudu, ko bai roƙa ba, don ya tafi yana jin ya ci riba. Hannuna da kansa ya kai kan sukuru na uku, na cizon haƙori, na ba shi rabin murɗi, na ce wannan kyauta ce daga maƙeran Kano. Da ya taɓa kunamar sai ta saki kamar an hura mata iska. Ya yi ta dariya har ina ganin dasashinsa, ya ce ko da yatsan da ya mutu zai iya harbi da wannan, ya ce Asabar da safe in jira shi a rumfa da hotona biyu.

Ya juya yana zuba gahawa. Ni kuma don in cika wasan, in nuna masa ni maƙerin asali ne mai sirrin gado, sai na tuna abin da Baba ke yi kafin ya miƙa wa maharbi bindigarsa. Ka tuna ai, ya ɗana ta ba komai a ciki, ya ɗaga bakinta sama, ya buga gindinta a ƙasa sau uku yana motsa leɓe. Ni duk zatona camfi ne, ko yana tashin iskokin ƙarfe, har na taɓa kwaikwayonsa da muciyar Inna kuna dariya, ya jefe ni da gawayi. Na miƙe tsaye, na ɗana, na ɗaga baki sama, na buga ɗaya, na buga biyu, ina motsa leɓe ba tare da ina faɗin komai ba. A na uku sai na ji ƙyas. Yatsana ko kusa da kunama bai je ba. Bindiga ta harba kanta.

Atiyya bai ji ba. Kunnensa ɗaya ya mutu da ƙarar harbi tun yana saurayi, ga shi ya ba ni baya. Yaya, ban taɓa yin ciniki mai tsanani irin wanda na yi da zuciyata a wannan ɗan lokaci ba. Wata zuciyar ta ce rufe bakinka, mai kaya ya yaba, Asabar saura kwana uku, in ka karɓi takarda ka dawo ka ce mai za ka sa mata, ka mayar da sukurun a ɓoye. Ko ma yanzu ka ce ka manta wani abu, ka kwance ka mayar, wa ya sani? Amma na san ya riga ya ɗanɗana sauƙin nan, in ya ji ta ƙara nauyi zai sa in sake sassautawa, ko ya murɗa da kansa da tsinin wuƙa, don idonsa yana kan hannuna lokacin da na taɓa sukurun. Kuma da yammacin nan zai fita neman kyarkecinsa. Na ga yadda yake tsayuwa da bindigar nan tun da safe, ya dangwarar da gindinta a kan dutse kamar sanda, ya ɗora hannu biyu a bakinta, ya ɗora haɓarsa a kan hannun yana kallon tumaki. Da wannan hoton ya zo mini sai cinikin ya watse.

Na taɓa kafaɗarsa na ce ya juyo da kunnen kirki. Na sake ɗanawa na buga, wannan karon a bugu na biyu ta saki. Ya ajiye butar gahawa a hankali. Ya karɓa ya yi da kansa, ta saki. Ya daɗe yana kallon bakin bindigar, na ga ya shafa ƙarƙashin gemunsa. Sannan ya tambaye ni, in na san haka tana faruwa, me ya sa na murɗa sukurun, in kuma ban sani ba, wa ya koya mini bugun. Tambaya ce mai ƙofa biyu, kowacce ka bi rami ne. Ni da ban taɓa rasa amsa a kasuwa ba sai na ji ƙarya ta ƙare mini kamar ruwa a tulu. Na ce masa bugun na ubana ne, kuma sai yau na san amfaninsa. Na ce ubana maƙeri ne, wana maƙeri ne, ni kuwa ko ƙusa ban taɓa ƙerawa ba, wuƙaƙen da yake saye na jirgin ruwa ne na shafa musu gawayi. Ya miƙo mini bindigar da sukundireba. Na mayar da rabin murɗin nan na ƙara wani rabin, na ɗan ƙara nauyi, muka yi ta gwadawa, a ƙasa, a kan dutse, da rufe sakata da ƙarfi, da ɗaga ɗan makullinta na hana harbi a saukar, har sai da ta sha bugu goma ba ta motsa ba. Na ɗiga wa sukurorin narkakken ƙaro don kada su juya da kansu. Ta fi tsohuwar sauƙi nesa ba kusa ba, amma ba ta kai wadda ta sa shi dariya ba. Ya sa harsashi ɗaya ya harbi wani farin dutse, ya same shi a gefe. Ya raka ni bakin hanya, ya yi mini sallama, bai ambaci Asabar ba.

Da na ba Baraka labari ta ce batun bindiga na yi daidai, amma wa ya tambaye ni zancen wuƙa, mutum ya tambaye ka hanyar rijiya ka nuna masa har inda ka binne kuɗinka. Asabar ta zo na zauna a rumfa da hotona biyu a aljihu tun asuba har aka kira azahar, ba Atiyya. Lahadi haka, Litinin haka. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai in tuna Garba da zanensa. Na fara gaya wa Baraka inda za ta sayar da ragowar wuƙaƙe in an tafi da ni, ta ce in rufe mata baki.

Ran Talata da hantsi sai ga shi. Ya zauna, ya sha shayinsa kofi uku kamar kullum, sannan ya fito da wata wuƙa da na sayar masa shekara uku da suka wuce, ƙotarta ta fita. Ya nuna mini gindin ƙarfen, ga hatimin Turawa nan raɗau, inda gawayina bai kai ba. Ya ce tun a watan da ya saya ya gani, ya yi shiru don wuƙar tana yanka, kuma yana jin daɗin yadda nake tsara labarin maƙeran Kano. Ya ce da ya kawo mini kunama ya san ba ni na ƙera wuƙa ba, amma ya ga ƙotar da nake sa musu tana zama daram, ya ce mai wannan hannun ya taɓa zama kusa da mai sana'a. Kwana ukun da ya ƙara kuwa, ya ce na ƙaryar shekara huɗu ne, kuma ya yi mini rangwame. Sannan ya faɗi maganar da nake so Malam Isa ya karanta maka sau biyu: "Wanda ya yi mini ƙarya a kan wuƙa ya ci riyal biyu nawa. Wanda ya gaya mini gaskiya a kan bindiga ya bar mini gemuna. Tashi mu je."

A ofis magatakarda ya tambayi suna, ya tambayi ƙasa, ya zo kan sana'a. Na buɗe baki zan ce ɗan kasuwa, Atiyya ya riga ni ya ce haddad. Na dube shi, ya ɗauke kai yana kallon fanka. Haka aka rubuta, haka aka buga hatimi. Takardar tana nan a aljihuna cikin leda, ina taɓa ta sau goma a rana. Gwamnatin wata ƙasa ta shaida da tawada cewa Tijjani maƙeri ne, abin da Baba ya rasu bai gani ba. Kyarkecin kuwa yana nan da ransa, shekaranjiya ma ya ɗauki ɗan rago, Atiyya ya ce yanzu ba shi da wanda zai ɗora wa laifi sai idonsa.

To ga inda nake bukatarka. Dattijon nan ya baza labari a cikin danginsa cewa akwai wani Takari mai sa bindiga ta faɗi gaskiya kafin ta ci mutum. Alhamis ɗin da ta wuce na tarar da bindigogi huɗu a jingine a tantinsa suna jirana. Biyu na ce ban iya ba, kuma wallahi faɗin ban iya ba ya fi mini sassaƙar iccen nan wuya. Don haka ina roƙonka ka zaunar da Malam Isa, ka ba shi goro, ka faɗa masa duk abin da Baba ke yi wanda muka ɗauka al'ada ce kawai, ya rubuto mini da dalilinsa in ka sani. Me ya sa yake ɗora magagari a kunne ya ƙyasta shi kafin ya fara aiki? Me ya sa ba ya yarda a tsaya ta damarsa in yana gwada kunama? Me ya sa yake tsoma wani ƙarfen a man gyaɗa, wani a ruwa? Kuma me yake faɗa in yana bugun nan uku, addu'a ce ko ƙirga wani abu yake yi? In ba ka sani ba ka tambayi Inna, ta fi mu daɗewa tana jinsa. In kuma ɗan magagarinsa mai ƙotar ƙaho yana nan, kuma ba ka aiki da shi, ka ba duk alhajin da zai taso baɗi ya kawo mini, ban da Alhaji Salihu.

Ka gaishe mini da Inna Yalwa da kyau, ka ce mata ɗanta mai gudun zuga yana neman gafara a kan muciyarta. Ka gaishe da Ɗaso da yara, da Kawu Mahmudu, da Awwalu da amaryarsa, da Malam Isa mai haƙurin karatu, da duk maƙeran unguwa, har waɗanda za su yi mini dariya. Baraka tana gaishe ku, ta ce a rubuta cewa ita ta gane sukurori ukun, ga shi na rubuta. Ran Juma'a in ka je maƙabarta ka tsaya wurin Baba ka yi masa addu'a a madadina. Ni ma na yi masa ɗawafi a nan, ina tafe ina jin ƙyas ɗin nan a kunnena.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenka,
Tijjani, maƙeri a takarda, mai neman zama na gaske.